Sabarar gonar Baba: a tone ko a bari?

Nasiru Gada: Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilmin gurup ɗin ga ku raba mu gardama ni da tsohona. Jiya na tahi gida na ishe ya ɗauko yara ukku 'yan ƙwadago suna tonon kututturan sabara da kalgo cikin gona, wai shara tun da wuri kahin ruwa shi sauka, sun tara su tsibi tsibi za su sa wuta. Nic ce Baba don Allah a bari, an koya muna a makaranta sabara na taimakon hatsi. Ya dube ni sama da ƙasa yac ce shekara hamsin shina noman gonar ga bai taɓa ganin raggon da yab bar daji cikin gona yac cika rumbu ba, kuma in boko na za ya koya mai noma to in maido mai kuɗin rajista hhhh. Wallahi na rasa abin hwaɗi don ni ma a takarda kawai nis sani.

Alhaji Mode mai albasa: Baba na da gaskiya. Ka koma aji yaro.

Hadiza Minanata: Kai Alhaji tun ba a ji ta bakin masu abin ba? Dakta Umar kana kusa?

Dakta Umar: Wa alaikumus salam. Ina nan Hadiza, yanzu na fito masallaci. Nasiru abin da aka koya maka ba ƙarya ba ne amma da alama rabi aka ba ka, shi ya sa Baba ya kada ka. A Sanagal aka fi zurfafa binciken nan, masana na can da wasu daga jami'o'in Amurka sun kwashe sama da shekara goma suna noma gero tare da sabara a fili ɗaya, gefe guda kuma gero shi kaɗai. Sabara saiwarta na nitsawa ƙasa sosai inda laima take ko da rani. Da rana ganye na jan ruwa yana fitarwa sama. Da dare ƙofofin ganyen sun rufe amma saiwar ƙasa ba ta daina ja ba, to ruwan sai ya riƙa tsattsafowa ta ƙananan saiwoyi na sama cikin busasshiyar ƙasa, daidai inda saiwar gero take. Don su tabbatar sai suka ba saiwar sabara ta can ƙasa wani ruwa mai alama wanda ake iya gane shi a ɗakin gwaji, cikin 'yan kwanaki suka same shi a jikin geron da ke kusa. A 2018 aka wallafa wannan. A taƙaice sabara na shayar da gero da dare.

Rabin da ba a gaya maka ba, ba barinta ake ta yi duhu ta rufe shuka ba. Da faɗuwar damina ake sare rassan ƙasa ƙasa, a daddatsa ganye da ƙananan rassa a baza cikin gona su ruɓe, kututturen ne ba a taɓawa. Wato sarar Baba daidai ce, tonon da ƙonawar su ne matsala.

Alhaji Mode mai albasa: Dakta Allah shi gafarta malam, Sanagal ba Gada ba ta. Kowace ƙasa da halinta. Ku 'yan boko kullum sai ku ɗauko muna abin wata duniya.

Mamman Ƙwanni: Alhaji in Sanagal ta yi maka nisa to ka hau mashin daga Illela ka ƙetaro wurinmu, minti nawa na? Abin ga mu sassabin zamani muka ce mai. A jihar Maraɗi anka hwaro shi wajen 1983, wani Bature ɗan Ostireliya Tony Rinaudo da ya gaji da dashen itace suna mutuwa shi ya lura ƙananan tohon da aka gani cikin gonaki ba ciyawa ba ta, itatuwa na da anka sare, saiwarsu na nan da rai ƙarƙashin ƙasa. Sai a zaɓi reshe biyu ko ukku masu ƙarhi a bari, a datse sauran. Ba ban ruwa ba kuɗin iri. Da hwarko dariya anka yi ma masu yi, ana ce musu ƙazaman manoma, hal yunwar 1984 ta zo anka ba mutane abinci bisa sharaɗin su bar itace cikin gona, da abincin ya ƙare da yawa sunka sare nasu amma waɗanda sunka bari sun ga bambanci. Yau masu bincike da sunka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ce wajen hekta miliyan 5 ta hwarhwaɗo, itace kamar miliyan 200, mahi yawa Maraɗi da Damagaram. Babana da kainai ya yi, gonarmu gawo goma sha ta wuce.

Hadiza Minanata: Ikon Allah, miliyan 200 ba dashe? Mu kuma nan kowace shekara bikin dashen itace.

Bashar Sabon Birni: Hadiza kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Shekarar da nake hidimar ƙasa aka kwashe mu wani bikin dashe, ba zan faɗi ofishin ba. Rumfa, makaɗa, ruwan gora, manya suka zo da jiniya, babban baƙo ya duƙa ya dasa guda ɗaya aka yi tafi aka ɗauki hoto. Mu aka bari da sauran cikin leda baƙa, ƙarshen Agusta fa, saura kwana kaɗan ruwa ya ɗauke. Ba waya ba mai gadi ba tanka. Na koma wurin watan Janairu wallahi abin da na samu allon sanarwa ne kawai da ledoji iska na wasa da su, har wanda babban baƙon ya dasa awaki sun yi kalaci da shi.

Alhaji Mode mai albasa: To ai gara su sun gwada. Hamada tahe take, kullum rediyo na hwaɗin tana cin sama da rabin kilomita duk shekara. In ba a yi mata katanga ba nan da jikokinmu Sakkwato ta zama Agadas.

Dakta Umar: Alhaji wannan lissafi na rabin kilomita da ɗoriya tun ina ɗalibi nake jinsa, kowa na kwafa daga kowa. Tsoron ma ya girme mu duka. A 1935 wani masanin gandun daji ɗan Ingila mai suna Stebbing da ya zagaya arewacin Najeriya da Nijar ya rubuta cewa Sahara na tahowa, har ya ba da shawarar a yi ɗamarar itatuwa. Turawan Ingila da na Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar a 1936 zuwa 1937, suka dawo suka ce ba su ga wata hamada mai tafiya ba, sun dai ga ɓarnar da mutane ke yi wuri wuri. Da tauraron ɗan adam ya zo aka auna da kyau, binciken 1991 ya nuna daga 1980 zuwa 1984 gefen hamadar ya gangaro kudu kamar kilomita 240, amma da ruwa ya dawo a 1985 ya ja baya arewa kamar kilomita 110 cikin shekara ɗaya. Numfashi take yi da ruwan sama, ba sojan da ke maci ba ce.

Bello Gidan Kaura: Dakta da girmanka amma a nan ban yarda ba. Ka zo garinmu ka ga tudun rairayi da idonka, gonar kakana tana ƙarƙashinai, ba labari ba na. Ka tsaya ka ce ma tsohon da rairayi ya ci ma gona wai hamada numhwashi take?

Dakta Umar: Bello ban musa maka ba, na je Gidan Kaura ba sau ɗaya ba. Tambayar ita ce daga ina rairayin ya zo. Ba daga Agadas ya taso ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba, tsofaffin tuddai ne da ke nan tun dubban shekaru, ciyawa da itace suka danne su suka kwanta. Da aka cire abin da ya danne su, ga fari na 1973 da na 1984, iska ta tashe su. Bambancin yana da amfani don in daga waje take zuwa katanga ce magani, in kuma a ƙarƙashin ƙafarmu take tashi to maganin yana cikin kowace gona. Ita kanta Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Sanagal zuwa Jibuti wajen kilomita 8,000, da farko layin itace aka zana, yanzu masu tafiyar da ita sun koma maganar gyaran ƙasa wuri wuri.

Bello Gidan Kaura: To na ji wannan. Amma dai gonar ta tahi.

Inna Kulu: Ni ban yi boko mai zurhi ba ɗiyana amma ku bari in sa baki. Kuna ta ƙirga itace, wane iri? Sanda ina yarinya a Wurno in munka hita bayan gari akwai kirya akwai marke akwai ɗorawa da taura da kanya, kalwa mu ka yin abinmu. Yanzu jikata ba ta san ɗorawa ba sai a hoto. Abin da nika gani tumhwahiya ta da dogon yaro. In kun ce daji ya dawo ni ban ga nawa ba.

Dakta Umar: Inna wallahi kin faɗi abin da masu bincike suka sha wahala kafin su gane. Tauraro kore kawai yake gani, bai san kirya da tumfafiya ba. A 2020 wata tawaga daga jami'ar Kofanhegan ta Danmak da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka sa kwamfuta ta ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya a hotunan yammacin Sahara da Sahel, suka samu sama da biliyan 1.8 a inda ake zaton fayau ne, duniya ta yi mamaki. Amma waɗanda suka sauka ƙasa suka zauna da tsofaffi a Sanagal sun tarar da abin da kika ce, kore ya ƙaru, iri ya ragu, manyan itatuwa masu 'ya'ya sun tafi masu jure fari sun maye gurbi. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina kafin ka buɗe kwamfuta ka nemi tsohuwar garin.

Hadiza Minanata: Kirya ai gawayi ya cinye ta. Kuma kar wanda ya zo ya ce mata ne ke ƙone daji don Allah, ni nan ina da silinda amma tun da gas ya yi tashin gwauron zabi na koma gawayi, yara biyar zan dafa wa. Ku je Kara ku ga motocin itace da ke shigowa, maza ne ke sarowa maza ke saidawa.

Mamman Ƙwanni: Hajiya shi ya sa mata sunka hi kowa son sassabin zamani wurinmu, rassan da aka datsewa duk shekara su na itacen girki, ba sai an yi tahiyar rabin wuni ba.

Jauro Buba: Kowa ya yi magana ba a tuna da mu ba sai an zo neman mai laihi. Gawo da kuke yabo mu mun hi ku saninai, da rani da babu ko tsinke shi ka hidda ganye, 'ya'yanai kuwa shanu na jin ƙamshinsu daga nesa. Da can manomi na roƙonmu mu kwana gonarshi bayan girbi, shanu su ci gawo su bar mai taki, har hatsi shika ba mu. Yanzu burtali an nome, mashaya an yi lambu, in ka ɗaga sanda ka kakkaɓo gawo a ce ka yi ɓarna. In kowa ya bar itace gonarshi ya ce nashi na, mu ina za mu?

Alhaji Mode mai albasa: Kakkaɓa daban sassabe kai daban Jauro. Na ga yaranku bisa gawo da adda sun mai da shi kamar an yi mai aski.

Jauro Buba: Akwai masu yi ban ce babu ba. Yunwar dabba ta.

Dakta Umar: Ku biyun kuna kan gaɓar da ta fi wuya. Gawo da damina yake zubar da ganye shi ya sa ba ya yi wa hatsi inuwa, saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saye a buhun yuriya, ganyen da ya zuba taki ne. Amma irinsa ya fi tsira in ya bi ta cikin dabba, kenan gawon manomi na buƙatar saniyar Jauro. A Nijar kuma abin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, da can na gwamnati ne malaman daji na iya cin ka tara a kan itacen gonarka, to wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Sannu a hankali aka saki, dokar daji ta 2004 ta ƙara ƙarfafa haƙƙin manomi. Kuma ƙauyukan da abin ya zauna su ne waɗanda suka sa makiyaya cikin kwamitin tsaron itacen.

Injiniya Sani mai bohol: Ku kuna ta sama ni bari in gaya muku na ƙasa tunda shekara sha shida ina huda ta. Sakkwato Allah ya yi mana ruwa, kwarin nan da muke ciki ya haɗa mu da Nijar da Mali, masana na Amurka sun zo sun auna shi sun fitar da rahoto tun 1973, su suka bayyana shimfiɗun yashin da ke riƙe ruwa a ƙarƙashin ƙasa, na Gwandu da na Rima da na Gundumi, wajen Argungu da Birnin Kebbi akwai inda in ka huda ruwa da kansa yake fesowa. Amma na zurfin nan tsohon ruwa ne na dubban shekaru, ba kowace damina ke mayar da abin da aka zuƙa ba. Yanzu sola ta yi arha kowa na sa famfo tun fitowar rana har faɗuwa tunda ba fetur zai saya ba, kuma ba wanda ke rubuta nawa aka ja. Akwai unguwar da na yi wa aiki shekara takwas baya, bana sun kira ni in ƙara musu fayif famfo na shan iska.

Wani abu kuma, wajen Kalambaina da Dange in muna haƙa sai mu riƙa fiddo bawon katantanwa da haƙoran kifi cikin farin dutse, yarana har tarawa suke a gwangwanin madara.

Nasiru Gada: Haƙoran kihi a Dange?? Injiniya ko dai rana ta buge ka

Dakta Umar: Gaskiyarsa ne. Teku ta taɓa rufe nan shekaru sama da miliyan 60 da suka wuce, farin dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina ragowar halittun ruwan ne. Akwai ma wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada da aka tono ƙasusuwanta a yankin nan, a 1972 masana 'yan Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus, da sunan Goronyo.

Bashar Sabon Birni: Hhhhh mutanen Goronyo ashe kuna da dodo a littafin duniya ba ku sani ba

Alhaji Mode mai albasa: Miliyan sittin wa ya ƙirga? Allah ɗai ya sani. Ni dam ɗin Goronyo ya dame ni ba dodo ba. An ce shina ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, amma 2018 da idona na ga cikinai yara na ƙwallo, ya koma kamar kashi goma cikin ɗari, garin ga munka sha wuyar ruwa. 2010 kuwa ruwa ya yi yawa ya ci garuruwa ya yanke hanyar jami'a sai da kwalekwale. Yau babu gobe ya yi yawa, ina binciken naku?

Dakta Umar: Alhaji maganar taka ce ta dawo da mu gonar Baba. Ƙasar da ba itace ba ciyawa in ruwa ya sauka ba ya nitsewa, gudu yake ya kwashi yashi ya kai gulbi, gulbi ya kai dam ya cike shi, sai dam ya kasa riƙe na damina ya kasa kai mu rani. Binciken kuwa akwai, ko na dam ɗin Bakolori da aka gama a 1978 an yi nazari a shekarun 1980 aka nuna yadda rage ambaliya ya kashe wa mutanen fadamar ƙasa noman shinkafa da kamun kifi. Laifinmu da na yarda da shi, da Turanci muke rubutawa mu ajiye a kanta ƙura ta rufe, manomi bai taɓa ji ba.

Inna Kulu: To ku riƙa zuwa rediyo mana, mu can muka ji.

Nasiru Gada: Jama'a na kira Baba yanzu na karanta mai na Mamman don ya hi yarda da mutanen Nijar bisa gare ni. Yac ce shi ma ya ga gonakin Maraɗi sanda shina fataucin shanu ya ɗauka lalaci na. Ya yarda shi bar min kusurwar gabas kar a tone, amma kusurwar da ko da can ba ta komi ta, hako ta tsantsa.

Dakta Umar: A'a kar ka karɓa haka, ya ba ka inda za ka faɗi ne. Roƙe shi a raba wuri ɗaya mai ƙasa iri ɗaya gida biyu, taki ɗaya iri ɗaya ranar shuka ɗaya, gefe a tone gefe a sare a baza. Da kaka ku ƙirga dami, a sussuka a auna da tiya don dami na ruɗi. Kuma ka gaya masa tun yanzu shekarar farko ba lallai a ga komai ba, ka nemi uku.

Alhaji Mode mai albasa: In gehen yaro ya hi na Baba ko da tiya guda na ba shi buhun albasa, ku shaida.

Hadiza Minanata: Mun shaida, na yi sikirinshot. Babban buhu fa Alhaji ba solo ba.

Mamman Ƙwanni: Nasiru ka ɗaura jan ƙyalle ga rassan da za ka bari don 'yan ƙwadago ba su tambaya. In ka ga tohon gawo ko aduwa ka kewaye shi da ƙayar magarya.

Jauro Buba: Ƙayar ta yi kauri dai, akuya ba ta san jan ƙyalle ba.

Nasiru Gada: To yaran sun riga sun tone kusan rabi jiya, gobe da asuba zan kama motar Gada in ga abin da ya rage. Mamman turo min lambarka ta inbos, in na isa gonar zan kira ka da bidiyo ka nuna min wane reshe aka bari don wallahi duk iri ɗaya nika ganinsu.